Neman kalmar Hausa: me za mu kira "dijital litirasi"?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum malamai. Agaji nake nema, lokaci ya ƙure mini. An ba ni ɗan littafin horaswa in mayar da shi Hausa, ranar Alhamis zan miƙa, yau ga shi Talata. Komai ya kammala sai take, wato abin da Turawa ke kira dijital litirasi. Littafin yana koyar da yadda mutum zai binciki inda labari ya fito kafin ya tura wa wani, yadda zai tsare shafinsa da kalmar sirri mai ƙarfi, yadda zai san su wa ke ganin abin da ya ɗora, da yadda zai yi tsokaci bai jawo wa kansa rigima ba. Na sa "ilimin fasahar zamani" na riƙon ƙwarya, amma raina bai kwanta ba.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Wa alaikumus salam. Da gaskiyar ranki, Malama. "Fasahar zamani" ta zama buhun da ake zuba komai: injin ban ruwa fasahar zamani, jirgi mara matuƙi fasahar zamani. Sa "iya amfani da intanet". Babu mai cewa a maimaita masa.

Ɗan Kwamfuta:
Baba, "iya amfani" ya yi kaɗan. Yaro ɗan shekara goma ya fi mu duka iya latsa waya, amma zai tura hoton bogi ga mutum ɗari bai san na bogi ba ne. Paul Gilster, wanda littafinsa na 1997 ya yayata kalmar, abin da ya dage a kai ke nan: a iya auna abin da aka gani a allo, saurin yatsa a kan maɓalli ba shi ne ba. Ni "wayewar intanet" na gani.

Ɗaliba:
Yaya, wayewa tana da kishiya. Wanda bai da ita ya zama wa? Dattijon da aka gayyato horaswa zai ga take yana ce masa kansa bai waye ba. Haka aka yi da "yaƙi da jahilci" a shekarun 1950: sunan ya yi armashi, amma ya kira mutanen da ke rubuta wasiƙa da ajami jahilai.

Malamin Nahawu:
Duk kuna zagaye ne alhali kalmar na gabanku. Muna da yanar gizo, ta zauna daram. A ɗauki gizo a ɗafa masa -anci, kamar Turanci da Larabci: gizanci. Harshe ne kuma ɗabi'a ce, duka biyu a kalma guda. Mai shi bagije, domin z kan koma j a gaban e, jam'i gizawa. Shekara uku ina amfani da ita a aji, ba ɗalibin da ya taɓa ƙorafi.

Ɗaliba:
Allah gafarta Malam, ɗalibi mai jiran sakamakon jarrabawa ba ya ƙorafi.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Malam, faɗi "bagije" da ƙarfi sau uku ka ji ko ba "bagidaje" kunne zai kama ba. Sannan wane ne Gizo a wurin Bahaushe? Maƙaryaci, mai wayon cuta. Ɗafin nan kuma ba a Turanci da Larabci kaɗai yake ba, yana cikin shashanci da gidadanci. In ka ce za a koya wa mutane gizanci, sai su ɗauka ajin damfara aka buɗe.

Ɗan Kwamfuta:
Akwai kuma wata matsala. Yanar gizo da intanet ba abu ɗaya ba ne. Intanet shi ne hanyar da ta haɗa na'urori, tushensa tun 1969. Yanar gizo shafuka ne da ke hawa kanta, Tim Berners-Lee ya kawo shawararsu a 1989. Manhajar WhatsApp da ke wayarka ta intanet take bi, ba shafi take buɗewa ba, kuma kowa ya san yadda jita-jita ke gudu a can.

Malamin Nahawu:
Wannan bambanci na injiniyoyi ne, Bahaushe duka yanar gizo yake ce musu. Abin da ke ci mini rai shi ne saurin da muke yi wajen miƙa wuya. Intanet, kwamfuta, data, yanzu kuma dijital. Harshen da ya haifi "Majalisar Ɗinkin Duniya" shi ne zai kasa raɗa wa wannan suna? Masu watsa labarai su suka sangarta mutane. Da sun tsaya a kan "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da yau ba mai cewa kwamfuta.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Mun tsaya a kanta, Malam, har bakinmu ya gaji, masu sauraro suka ci gaba da cewa kwamfuta. Shekara talatin na yi a gaban makirufo, na binne kalmomin ƙirƙira da yawa, wasu ma nawa ne. Kuma tunda ana maganar aro: ilimi, zamani, fasaha, har nahawun da ke cikin laƙabinka, duk daga Larabci muka samo su. Fasaha ma a can iya zance take nufi, mu muka karkatar da ita. Me ya sa aron Larabci yake ɗan gida, aron Turanci ya zama agola?

Malamin Nahawu:
Saboda wancan ya shekara ɗaruruwa yana zaune da mu, wannan jiya ya sauka. Kuma ba a auna sanin harshe da daɗewa a gaban makirufo.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Haka ne. Da alli ake aunawa.

Mai Fassara:
Malamai, don Allah. Alhamis fa. Ga kuma babi na biyu, a kan intanet ɗin da kowa ke zuba nasa a ciki, ba karatu kawai ba. Shi ma ban sami suna ba.

Ɗan Kwamfuta:
Shi ne aka laƙaba wa Web 2.0, sunan da Tim O'Reilly ya yayata daga 2004. Da, masu shafi ke rubutawa, sauran jama'a su karanta. Sai ga Wikipedia a 2001, Facebook a 2004, YouTube a 2005, mai karatu ya koma mai wallafawa. A 2006 mujallar Time ba ta ba wani shugaba kambun gwarzon shekara ba, masu ɗora abubuwa a intanet ta ba. Shi ya sa take mai "ilimi" kaɗai ba zai ɗauke ba. Duk wanda ya danna turawa ya zama majiyar wani.

Ɗaliba:
To "intanet na gayya" mana.

Malamin Nahawu:
Yauwa. Wannan Hausa ce. In aka ce "yanar gizo ta gayya" na sa hannu.

Tsohon Ɗan Rediyo:
A kan Wikipedia na yarda, aikin gayya ne sak. Amma Facebook? Gayyar da jama'a ke noma, mai gona ya kwashe kuɗin talla? Kada mu ba abin sunan da ya fi shi kyau. "Intanet na kowa da kowa" ya isa.

Ɗaliba:
Na komo kan take. Me zai hana "sanin makamar intanet"? Wanda ya san makamar aiki ba labarinsa kawai ya ji ba, ya san ta inda ake kama shi. Akwai binciken da Sam Wineburg da Sarah McGrew suka yi a jami'ar Stanford a 2017. Sun ba masana tarihi da ɗalibai da ƙwararrun masu bin diddigin labarai shafuka su tantance. Da yawa daga masanan da ɗaliban suka zauna cikin shafin suna duba tambari da kyan tsari, aka yaudare su. Masu bin diddigin kuwa nan take suka fice, suka buɗe wasu shafukan su ga me ake cewa a kan masu wannan shafin. Ilimi kowa na da shi a cikinsu. Makama ce wasu ba su sani ba. Kuma ba zagi ba ne a ce mutum bai san makamar abu ba tukuna.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Na faɗe ta da ƙarfi, ta zauna a baki. 'Yata, kin fi mu.

Ɗan Kwamfuta:
Ba ta rufe komai ba. Dijital ya haɗa da abin da ake yi ba data, kamar adana fayil ko gyara hoto. Amma ga wannan littafin ta yi.

Malamin Nahawu:
Kalma uku ba kalma ba ce, bayani ne. Yaya za a kira mai shi? Masanin makamar intanet? Kafin a gama faɗa an tashi daga taro. Ga kuma intanet ɗin ya sake shigowa ta taga.

Mai Fassara:
Na gode ƙwarai. Take: "Sanin Makamar Intanet", da ɗan bayani a shafin farko. Babi na biyu zan bar "intanet na kowa da kowa", gayya kuma in ajiye ta wurin da aka yi maganar Wikipedia. Malam, a yi haƙuri, gizanci bai samu shiga ba.

Malamin Nahawu:
Littafinki ne. Ni dai a ajina gizanci zan ci gaba da cewa. Amma kafin ki miƙa, intanet ɗin nan naku namiji ne ko mace? Na ji wasu na cewa "ta", ku kuna cewa "na".

Mai Fassara:
Namiji ne, Malam, har zuwa Alhamis.