Musayar Waƙa: Yadda Ake Janye Sojan Waje

Malam Habu:
Da sunan Allah nake farawa,
Ku zo mu tattauna batun janyewa.
Shiga ƙasar wani da yaƙi ba wuya,
Wahalar tana ranar ficewa.
A Doha, cikin Fabrairun 2020,
Amurka da Taliban kan ficewa daga Afganistan suka yi sasantawa.
Gwamnatin Kabul ba ta kan teburi,
Fursuna 5,000 aka tilasta mata sallamawa.
Hajiya Rabi, da me ake somawa?

Hajiya Rabi:
Malam, lissafin kaya ne farko,
Daga harsashi har tanka mai ƙarko.
Kashi uku ake yi, ba a haɗawa:
Na mayarwa gida, na miƙawa, na lalatawa.
Ƙananan sansanoni ake fara rufewa,
Zuwa babba ake ta tattarewa.
Tafinta da iyalinsa a ba su biza,
Tun soja na da ƙarfin yi musu rakiya.
Filin jirgi kuwa shi ne ƙofar gida,
Ba a sakinsa sai kowa ya fita.

Kawu Isa:
Hajiya, a nan ne aka tafka kuskure,
Sansanin Bagram mai titin jirgi biyu aka bari da dare,
2 ga Yulin 2021, farar hula ba a kwashe.
Aka dogara da filin Kabul mai titi ɗaya,
A bakin gari, jama'a sun kewaye.
15 ga Agusta Taliban suka shiga birni,
Sojan da aka janye, dubbai aka dawo da su su tsare.
26 ga wata, a ƙofar Abbey ta filin jirgin, bam ya fashe,
Sojan Amurka 13 da 'yan ƙasa kusan 170 ya kashe.
Allah ya jiƙan bayinsa da suka taru don su tsere.
Sama da mutum 120,000 aka samu aka kwashe,
30 ga Agusta jirgin ƙarshe ya tashi cikin dare.

Malama Zainab:
Kawu, ɓarnar ta girmi wannan rana,
An gina sojan Afganistan a kan jirgin sama.
Shi ke kai abinci da harsashi kan tsauni,
Shi ke ɗauko mai rauni kafin jininsa ya zuba.
Jirage masu saukar ungulu, Black Hawk, 'yan kwangilar waje ke gyarawa,
Da suka tafi, jirage suka zauna a ƙasa.
Ga albashi ya makale, ga ɗauki bai zuwa,
Dattawa suka shiga tsakani, sansani ya miƙa wuya.

Malam Habu:
Malama, kin taɓo jijiyar magana.
Tarayyar Sobiyat, barin Afganistan wata tara ta ɗauka,
15 ga Mayun 1988 ta soma fita,
Rabin soja cikin wata uku suka wuce,
Ayari bayan ayari, ana tsaron hanya.
15 ga Fabrairun 1989 kwamandansu Janar Gromov
Ya taka gadar kogin Amu Darya ta kan iyaka da ƙafa.
Shugaba Najibullah shekara uku ya riƙe Kabul,
Don mai da makaman Sobiyat ba su daina zuwa ba.
Janairun 1992 aka datse tallafi,
Jirage suka rasa man da za su sha,
Afrilu bai ƙare ba gwamnati ta faɗi ƙasa.