Joshua da Fury: me zan duba kafin in ce wane ya fi wane?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum masana dambe. Shawara nake nema. Musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu kan Anthony Joshua da Tyson Fury, wa zai kashe wani in an haɗa su. Hujjar mutanen Joshua ita ce Francis Ngannou ya kai Fury ƙasa a 2023, shi kuwa Joshua ya gama da Ngannou a turmi na biyu a 2024. Lissafin nan bai kwanta mini ba. Me ake dubawa a salon ɗan dambe? Kuma wane wasa zan koma in kalla?

Na Arkilla: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, lissafin "wane ya buge wane" ba ya aiki a boksin. Joe Frazier ya ci Muhammad Ali a 1971, George Foreman ya ragargaji Frazier cikin turmi biyu a 1973, sai ga Ali ya kwantar da Foreman a turmi na takwas a Kinshasa a 1974.

Fara da tazara. Tsawon Fury santimita 206 ne, in ya buɗe hannuwa kuma 216. Joshua 198 da 208. Bambancin santimita takwas ne, amma ya isa Fury ya taɓa ka da hannun gaba daga inda kai sai ka ƙara taku kafin ka taɓa shi. Takun nan shi ne wasan gaba ɗaya. Joshua yana son tsaka-tsakin tazara, ya kafa ƙafafu, ya jefa hagu, dama ta biyo a miƙe. Fury ba ya zama a wurin. Ko dai yana can nesa yana motsa kai da kafaɗa kamar zai kawo naushi bai kawo ba, ko ya manne maka ya ɗora maka nauyinsa a wuya. Kalli yadda ya hana Wladimir Klitschko sakin hannun dama tsawon turmi 12 a Jamus a 2015.

Malam na Gawon Nama: Na Arkilla ya kawo tushe, bari in ƙara abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Joshua ya fi shiga haɗari a daidai lokacin da ya ji wa abokin karawarsa ciwo. Sau uku abin yana faruwa, kuma duk ana iya komawa a gani.

Da Klitschko a Wembley a 2017, ya kai shi ƙasa a turmi na biyar, ya zuba duk ƙarfinsa don ya ƙarasa, numfashi ya ƙare masa, a na shida shi ma ya sha ƙasa. Ya farfaɗo ya ci wasan a na 11, wannan kam sai a yaba masa. Da Andy Ruiz a New York a 2019, ya kayar da Ruiz a turmi na uku, ya afka ciki hannu a sake, ƙugiyar hagu ta same shi a gefen kai, ƙafafunsa ba su sake dawowa daidai ba har aka tsayar da wasa a na bakwai. Da Daniel Dubois a 2024, ya girgiza Dubois da dama a turmi na biyar, ya matsa zai ɗago naushi daga ƙasa, haɓarsa a buɗe, gajeruwar dama ta riga shi isa.

Dalilin ɗaya ne: in zai ƙarasa mutum yakan miƙe tsaye, kansa a wuri ɗaya, hannun da ya jefa ba ya komawa kunci da wuri. Fury kuwa mutum ne da ake kayarwa ya tashi. Deontay Wilder ya kai shi ƙasa sau biyu a 2018, sau biyu kuma a turmi na huɗu a 2021, bai ci shi ko sau ɗaya ba. To ko Joshua ya kayar da shi, minti ɗayan da zai biyo baya ne abin tsoro ga Joshua.

Ɗan Runjin Sambo: Malam, a gafarce ni, amma kun faɗi rabi kun bar rabi. Wane Fury muke magana? Wanda yac ci Klitschko da ƙafa yake wasa. Tun da ya koma hannun mai horarwa SugarHill Steward kafin karo na biyu da Wilder a 2020, ya zama mai matsowa gaba da nauyin wajen kilo 124. Wanga salo ya yi aiki kan Wilder don Wilder bai iya dambe yana ja da baya ba, kuma Fury ya fi shi nauyi da kusan kilo 20. Joshua yana kaiwa kilo 114, ba za a jingina da shi a banza ba, kuma naushinsa na kusa, wanda ke tasowa daga ƙasa zuwa haɓa, shi ya karya Klitschko.

Sannan Fury yana sakin hannun hagu ƙasa, dama mai zuwa ta sama tana samunsa tun zamanin Steve Cunningham a 2013. Ga fatar ido: ɗinki 47 anka yi mashi bayan wasansa da Otto Wallin a 2019. Ga abin da Oleksandr Usyk ya yi mashi a turmi na tara a Riyad, igiya ce ta riƙe shi. Ni ina ba Joshua dama mai ƙarfi a turmi shida na farko.

Na Arkilla: Na yarda da turmi shida na farko. Amma kada a ɗauki Usyk a matsayin ma'auni, bahago ne mai saurin ƙafa, ya ci su duka biyun sau bibbiyu, kuma ba wanda zai iya kwaikwayonsa a cikinsu. Abin da wasanninsa suka nuna kawai shi ne Joshua yana rage jefa hannu idan ana yi masa yaudara da motsi, yana tsayawa tunani. Fury gwanin wannan yaudarar ne.

Hajiya 'Yar Kanwuri: Ƙanena Ɗan Mabera, kada ka kalle shi da idon damben gargajiya, inda faɗuwa ɗaya kisa ce. A nan turmi 12 ne, kowanne minti uku, hutun minti ɗaya a tsakani. Alƙalai uku ke ba da maki: wanda ya ci turmi 10, ɗayan 9, in an kai mutum ƙasa yawanci 10 da 8. Wato Joshua zai iya kayar da Fury sau ɗaya, Fury ya kwashe turmi takwas da ƙananan naushi ya ci wasa.

Ka kuma tambayi wa zai yi alƙalanci a cikin fage. In mai barin runguma ne, Fury zai danne wuyan Joshua da hannu, ƙafafu da kafaɗu su mutu tun turmi na bakwai. In mai saurin rabawa ne yana jan kunne, an ƙwace wa Fury rabin makaminsa. Faɗin fage ma haka: babba na mai zagayawa ne, ƙarami na mai farauta.

Malam na Gawon Nama: Ga aikin da za ka yi. Kalli karo na biyu na Joshua da Ruiz a Saudiyya, Disamba 2019, inda ya rage nauyi zuwa wajen kilo 107 ya yi haƙuri turmi 12, sannan ka kalli na Dubois. Ga Fury, na Klitschko da na uku da Wilder. Kashe murya, don masu sharhi suna ruɗar da ido. Turmi ɗaya ka kalli ƙafafu kawai, ka ga wa ke tsakiyar fage, wa ke komawa igiya. Turmi na gaba ka ƙirga naushin hannun gaba da ya sauka, ba wanda aka jefa ba. Ka lura ko Joshua yana kai naushi ciki da ƙirji, domin kan Fury yana gocewa amma gangar jikinsa ba ta zuwa ko'ina. In zai yi wannan tun turmi na farko, wasan a buɗe yake. In kan Fury kawai zai nema, ni Fury na ba, da maki.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da na Ruiz na biyu zan fara.