Baffanmu ya riƙe gonar gado: kotu ko sulhu?

Ɗan Fari:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da rasuwar mahaifinmu. Ya bar gona a ƙauye, ƙaninsa ke noma ta tun yana raye. Da muka tashi rabon gado sai Baffa ya ce marigayi ya ba shi rabi kyauta, daga gindin ɗorawa zuwa bakin rafi. Takarda babu, wanda ya ce shi ne shaida kuma ya rasu. Mu bakwai ne, biyar mata. Inna ta ce muddin na tsayar da ƙanin ubana gaban alƙali, ba ta yafe ba. Ga damina ta ƙarato. Ina mafita?

Tsohon Rajistara:
Wa'alaikumus salam, Allah ya jiƙansa. Ɗana, ko ka shigar da ƙara, sau da yawa alƙali kan fara tambaya ko kun gwada sulhu. Ka nemi dagaci da liman, musamman maƙwabtan gonar, don su suka san ko aro ne ko kyauta. A shari'a, kawo hujja na kan mai da'awa, wato Baffa. Ka riƙe wannan a ranka, amma kada ka jefa masa ita cikin taro. Abin da kuka daidaita a kai, a auna, a rubuta, kowa ya sa hannu, a kai kotu ta tabbatar. Na sha ganin sulhun fatar baki ya dawo kan jikoki.

Malamar Islamiyya:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ina tsoron sulhun da maza ke yi a zaure mata na cikin gida. Haka aka yi mana, aka ce mu yi haƙuri don zumunci, har yau ban ga ko taki ɗaya na gonar ubana ba. Hadisi ya halatta sulhu, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Ba ka da ikon yafe rabon ƙannenka. A tambayi kowacce da bakinta, Inna ma tana da tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon.

Ɗan Kurmi:
In a Kano kuke, akwai cibiyar sulhu ta Multi-Door ƙarƙashin babbar kotun jiha tun 2009. Hisba ma na zaman sulhu. Can babu mai jin nauyin Baffa.

Ɗan Fari:
Na gode ƙwarai. Malama, wallahi ban taɓa tambayarsu ba. Yau zan kira su ɗaya bayan ɗaya, Juma'a in je wurin dagaci.