Wai me za mu kira MRI da Hausa?

Jama'a dan Allah ku taya ni neman kalma, tun ranar Talata abin ke cina. Kawuna ya daɗe da hepatitis B, hantarsa ta riga ta yi tabo ta taurare, duk wata 6 muna kai shi sikanin. Wannan karon aka hango ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, santimita 1 da ɗoriya, likita ya ce sai an yi MRI. Muna cikin keke hanyar Unguwar Rogo na ce Kawu hoto za a sake, ya kalle ni ya ce "ba yanzu muka fito daga hoton ba? Ku daina ɓarnar kuɗi."

Kuma wlh ba laifinsa bane. Hoton ƙirji hoto, na mai ciki hoto, CT ma hoto, toh ta yaya dattijo zai gane ba abu ɗaya bane?

Ni dai na tsaya a kan hoton maganaɗisu, don injin da maganaɗisu mai ƙarfin gaske yake aiki, shi ya sa ake sa mutum ya cire agogo da makulli da waya kafin a tura shi ciki. Wani ya rubuto min wai hoton mayen ƙarfe ya fi, kowa ya san shi. Gaskiya ne amma haba, mutumin da ke kwance ba lafiya ka ce za a saka shi cikin maye? Ƙarin tsoro kawai.

Inda na fi makalewa shi ne ainihin abin da ake dubawa. Ana yin allurar wani ruwa ta jijiya, a ce ka riƙe numfashi, a ɗauki hoto sau da yawa a jere. In ƙullutun ciwon daji ne, tunda jininsa ta jijiyar da ke kawo jini daga zuciya yake sha, shi ke fara haskawa kafin sauran hantar, can an jima kuma ya dusashe ya bar ta da haske, kuma ga mai irin hantar Kawu wannan alamar kan isa likita ya tabbatar ba sai an tsakuro nama ba. Wannan dusashewar na so in kira ta koɗewa, kamar atamfar da ta sha wanki, ruwan kuma ruwan haskawa. Ma'aikatan JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da ke nan, ya kuke faɗa wa marasa lafiya?

Cirrhosis kam, wato tabon da hanta ke yi ta taurare irin ta Kawu, wasu na cewa bushewar hanta, ni taurin hanta ya fi kwanta min, ciwon hanta ya yi faɗi da yawa.

Jiya bayan isha'i na gwada a kan Kawu, na ce wannan hoton maganaɗisu ne, yana tantance ƙullutu tun yana ƙarami ana iya cire shi ko a ƙona shi. Ya yi shiru, sai ya ce yaushe ne ranar?