Kamfanin inshorar lafiya na kamun ƙafa ta hannuna, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mataimaki ne a ofishin wani ɗan majalisa da ke kwamitin lafiya. Sati biyu ke nan wakilin wani kamfanin HMO, wato masu karɓar kuɗin inshorar lafiya su biya asibitoci, yana zarya wajena, yana so in haɗa shi da oga. Jiya ya zo da takarda shafi uku, wai gyaran da suke so a saka cikin ƙudurin inshora da ke gaban kwamiti. Da zai tafi sai ya tura min ambulan ƙarƙashin fayil, ya ce na mai ne. Ban buɗe ba, tana cikin durowa. Abin da ke ci min rai, mahaifiyata ta taɓa yini a benci a asibiti da katinta a hannu, aka ce kamfaninta bai turo kuɗi ba. Me kuke gani?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, mayar masa da ambulan gobe da safe, kuma a gaban shaida. Jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa. Ranar da magana ta fito, kai za a fara kira.

Maman Khalil: Ni nas ce. Ƙanena, karanta takardar nan layi-layi, ka duba me ta ce kan wa'adin biyan asibitoci. A nan talaka ke shan wuya. Ka tuna yadda Farfesa Usman Yusuf, lokacin yana shugaban NHIS, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa a wancan lokacin, ya fito fili yana zargin kamfanonin HMO da riƙe kuɗin asibitoci. An dakatar da shi a 2017, aka dawo da shi a 2018. Tun da dokar 2022 da ta kafa NHIA, hukumar da ta maye gurbin NHIS, ta wajabta inshora ga kowa, kuɗin da ke wannan harkar ba kaɗan ba ne, shi ya sa suke zarya.

Malam na Zariya: Kai bukata gaban majalisa ba laifi ba ne, su ma suna da haƙƙi. A Amurka akwai dokar 1995 da ta sa masu kamun ƙafa yin rajista. Ka ce masa ya miƙa takardarsa ga magatakardan kwamiti, ya zo zaman jin ra'ayin jama'a, inda likitoci da 'yan ƙwadago za su ji su mayar da martani.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Amma oga fa, in sanar da shi kafin in mayar ko bayan?

Baban Amira: Kafin. Yau ɗin nan, kuma a rubuce.