Likitoci na son cire wani sashe na ƙoƙon kan yayana bayan shanyewar ɓarin jiki: shin mu sa hannu?

Ƙanin Mara Lafiya, Jidda

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu ilimin wannan fanni. Yayana mai shekara 54, wanda ya daɗe yana fama da hawan jini, ya kwanta lafiya lau, amma jiya da asuba aka same shi ɓarin jikinsa na dama ba ya motsi, bakinsa ya karkace, magana kuma ta ɗauke. A asibiti an ce gudan jini ne ya toshe babbar jijiyar da ke ciyar da ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, kuma ba a yi masa allurar narkar da gudan ba saboda ba a san lokacin da abin ya fara ba, ga shi wurin da ya lalace ya riga ya yi faɗi. Yanzu likitan tiyata ya ce yana tsoron kumburi, yana so mu amince a cire wani sashe na ƙoƙon kansa. Manyanmu da ke Kano sun ce kada a taɓa kai, a jira a ga abin da Allah zai yi. Shi kuwa yana buɗe ido, har yana matse hannuna da hannunsa na hagu. Mene ne dalilin gaggawar, kuma babu maganin da zai sauke kumburin ba tare da tiyata ba?

Likitan Ƙwaƙwalwa, Riyad

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba Yaya lafiya. Likitocin da hoton ƙwaƙwalwarsa ke gabansu su ne za ku yanke shawara tare da su, amma zan bayyana maka dalilin gaggawarsu.

Naman ƙwaƙwalwar da jini ya yanke masa yakan tsotsi ruwa ya kumbura, kuma kumburin ba ya nunawa sosai a ranar farko. Yakan yi tsanani ne tsakanin kwana na biyu da na biyar. Ƙoƙon kan babba tamkar tukunyar ƙasa yake, ba ya miƙewa, saboda haka sashen da ya kumbura sai ya riƙa tura sashen da ke da lafiya, har ya danne gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi da farkawa. Matse hannun da yake yi maka yau abin godiya ne, sai dai ba ya nuna cewa haɗarin ya wuce, domin lokacinsa ma bai zo ba. Abubuwan da ke sa mu tsorata su ne idan hoton ƙwaƙwalwa na na'urar CT ya nuna fiye da rabin yankin da jijiyar ke ciyarwa ya mutu, ko hoton wata na'urar da ake kira MRI ya nuna girman wurin ya haura mililita 145, sannan mutum ya fara yawan barci. Masu irin shekarun yayanka ma sun fi tsofaffi shiga wannan haɗari, domin ƙwaƙwalwar tsoho ta ɗan tsuke, ta bar sarari a cikin kai.

Game da magani, akwai manitol da ruwan gishiri mai kauri da ake sakawa ta jijiya don janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, amma aikinsu na 'yan sa'o'i ne, suna riƙe mutum ne kafin a kai shi ɗakin tiyata. Magungunan sauke kumburi irin su deksametazon ba su da amfani a nan. An gwada gilibenkalamayid, maganin ciwon suga da mutanenmu suka sani, ta hanyar jijiya, amma babban gwajin da aka wallafa a 2024 bai nuna ya kyautata halin marasa lafiyan ba.

Tiyatar kuwa an auna ta. A 2007 an haɗa sakamakon gwaje-gwaje uku daga Faransa da Jamus da Holan, na mutum 93 masu shekara 18 zuwa 60 waɗanda aka shigar gwajin cikin sa'o'i 48 da farawar ciwon. Bayan shekara guda, kashi 78 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata suna raye, alhali cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 29 kawai suka rayu. Ga abin da ya kamata ka gaya wa manyanku ba tare da ɓoyewa ba: waɗanda suka kai ga tafiya da ƙafarsu kashi 43 ne a ɓangaren tiyata, 21 a ɗaya ɓangaren, sannan kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗanda aka yi wa aikin sun rayu ne suna buƙatar mai kama su wajen tafiya da wanka da shiga banɗaki. Tiyatar tana ceton sashen da bai mutu ba, ba ta rayar da wanda ya mutu, don haka kada wani ya yi zaton zai farka yana magana. A ra'ayina, mai shekara 54 da hotonsa ya cika waɗannan sharuɗɗa, jira ya fi tiyatar haɗari, kuma jira har sai ƙwayar idonsa ɗaya ta buɗe ta daina amsa haske shi ne mafi munin zaɓi.

Ma'aikaciyar Jinya, Makka

Allah Ya saka wa Likita da alheri. Ni zan ƙara da abin da ke hannun dangi. Kada a ba shi komai ta baki, ko da ruwan Zamzam ne, kafin a gwada haɗiyarsa, domin masu wannan ciwo kan shaƙe ba tare da sun yi tari ba, ruwan ya gangara huhu ya zama ciwon haƙarƙari. A shafa masa a fuska da hannu, a yi masa addu'a, abinci kuma ya bi ta robar hanci. Idan kun ga an ɗaga kan gadon kamar digiri 30, kada ku kwantar da shi don tausayi, da gangan aka yi. Kada kuma ku roƙi a sauke hawan jininsa da sauri, domin a kwanakin farko akan bar shi ya ɗan hau don jini ya isa gefen wurin da ya lalace. Wanda jiya yake buɗe ido da jin sallama, yau kuma sai an girgiza kafaɗarsa, ko ya fara amai, ba hutu yake yi ba. A kira mu nan take, ko da tsakar dare ne.

Dattijo daga Madina

Ɗana, Allah Ya sawwaƙe. Ba na jayayya da Likita, amma kada ka ɗauki maganar manyanku a matsayin jahilci. Yayata tana da shekara sama da 70 lokacin da wannan ciwo ya same ta, kuma tun tana da lafiya ta sha faɗa mana cewa ba ta son a tsawaita mata kwanciya. Muka zauna da likitoci, muka yi istihara, ba mu sa hannu ba, har yau kuma ban ga laifinmu ba. Neman magani ba ya karo da tawakkali, barinsa a inda ya dace ma haka. Ka haɗa likitan da babbanku ta waya, wani ya fassara, domin mutum ya fi yarda da abin da ya ji da kunnensa. Ka kuma tambayi matarsa, ita ce ta fi kowa sanin ra'ayinsa, ita ce kuma za ta ɗauki mafi yawan jinyar.

Ƙanin Mara Lafiya, Jidda

Na gode, Baba, na gode Likita da Malama. An yi wayar, an kuma amince. Saura tambaya biyu: rashin maganarsa bai rage amfanin aikin ba? Kuma ƙashin da za a cire, ina makomarsa?

Likitan Ƙwaƙwalwa, Riyad

Maganar Baba tana da tushe, domin gwajin da aka yi a Jamus kan mutum 112 masu shekara 61 zuwa sama, wanda aka wallafa a 2014, ya nuna mutuwa ta ragu daga kashi 70 zuwa 33 cikin wata shida, amma babu ko mutum ɗaya da ya koma rayuwa ba tare da dogaro da wani ba. Yayanka ba ya cikin wannan rukuni. Game da magana, binciken 2007 ya nuna masu matsalar magana da marasa ita duk sun amfana, sauran aikin kuma na masu koyar da furuci ne da masu gashin ƙashi. Ƙashin da ake cirewa faɗinsa ba ya gaza santimita 12; akan adana shi cikin tsananin sanyi, ko a ƙera madadinsa da ƙarfen titaniyom, a rufe wurin bayan wasu makonni ko watanni idan kumburin ya sauka. Kafin nan fata ce kawai ke rufe da wurin, za ka ga ya tasa da farko sannan ya lotsa, saboda haka ba a kwantar da shi ta wannan gefe, kuma idan ya fara tashi zaune sai an sa masa hular kariya.