Ƙwayoyin bitamin suna gyara zuciya kuwa?

Ummu Yara:
Salam 'yan uwa, dan Allah a ba ni shawara. Babanmu yana da hawan jini, sai ƙanina ya sayo masa kwalaben bitamin E da man kifi wai suna wanke jijiyoyin zuciya, yanzu Baba har ya fara cewa zai ajiye maganin asibiti tunda ga waɗannan. Ni dai hankalina bai kwanta ba wlh.

Dattijo:
Wa alaikissalam 'yar uwa, kar ki bari ya ajiye maganin nan ko na kwana ɗaya! Bitamin ba ya sauke hawan jini. Shi bitamin E ɗin ma kwamitin likitocin rigakafi na Amurka a 2022 cewa suka yi kar a sha shi da sunan kare zuciya, shi da ƙwayoyin beta karotin (sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A), wanda ma yake ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan sigari.

Anti Nas:
Man kifi wato omega-3 yana rage wani kitse na cikin jini, wannan gaskiya ne, amma in aka sha da yawa yakan sa bugun zuciya ya rikice, kuma in Baba yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin to a yi hattara. Ki kwashe kwalaben duka a leda ki kai wa likitansa ya karanta bayansu.

Ummu Yara:
Na gode Anti, warfarin kam ba ya sha, amma ledar na hannuna, Litinin za mu je insha Allah.